Robar Batir Da Na Raba Wa Maƙwabta

Ku bari kawai! Ranar da na fara tayar da mataccen batir, na jona ƙwan fitila ya kawo haske fau, sai da na daka tsalle na yi kabbara, har Inna ta fito da muciya a hannu tana zaton kunama ce ta harbe ni. Lokacin ina ɗan shekara ashirin da biyu, na gama sakandare, ina zaune gida a Dutsin-Ma ba aiki ba karatu. Ba wanda ya koya mani. A waya na gani, bidiyon wasu mutanen ƙasar waje da ko yarensu ba na ji, hannunsu kawai nake kallo. Na kalla na maimaita har na gane yadda ake fasa batir, a zubar da ruwansa, a zaro fallayen ciki, a narka dalmar a tsohuwar tukunya a zuba sabon kai. Wallahi a ranar ji na yi duk garin nan ba mai ƙwaƙwalwata.

Ga shi sola ta shigo, kowane mai cajin waya a ƙauye yana da matattun batura jibge a bayan shago. Sai na riƙa hawa babur ina zagaya ƙasar Kurfi, yau Wurma, gobe Rawayau, jibi Tamawa, in ɗauro biyu ko uku in dawo. Wanda zai gyaru in gyara, wanda ya ƙi in narka dalmarsa in sayar wa 'yan gwangwan. Wurin aikina wani kango ne jikin gidanmu, tsakiyar unguwa. Katanga ɗaya ce, ita ma gajera, ta raba shi da gidan wani tela, mutum mai sanyin hali, wanda ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifina. Mahaifin nawa shi ne limamin masallacin unguwarmu. Ku riƙe wannan, don nan ne duk abin ya lalace.

Hayaƙin dalma ba irin na itace ba ne. Wani ɗanɗano yake bari a maƙogwaro kamar ka tsotsi ƙusa, kuma toka-toka yake sauka a kan shanya. Ruwan batir kuwa a kwata nake juye shi, ya bi lungu yana kumfa. Matan unguwa suka fara ƙorafi ta bayan katanga, ina jin su, in ƙara wa rediyo murya. Telan nan sau biyu yana zuwa wurina. Ya gaishe ni, ya tambayi Malam, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tsaya yana duban hayaƙin, sannan ya ce Allah Ya yi albarka ya tafi. Kunyar malaminsa ta hana shi buɗe baki. Da abin ya ishi mutane aka kai wa mai unguwa. Shi kuma ya ce ɗan Liman ne fa, yaro yana neman na kansa, gara wannan da zaman majalisa da shaye-shaye, a yi haƙuri da juna. Maganar ta mutu a zaure.

Daga baya wani ya yi ƙarfin hali ya kai ƙara, har yau ban san ko wane ne ba. Wata Talata da hantsi sai ga duba-gari da takarda, ya ɗaure fuska, ya ce wannan sana'a ba a yin ta cikin gidajen mutane, ya ba ni mako guda in tashi. Amma da ya zo tafiya sai babur ɗinsa ya ƙi tashi. Na duba, kan batir ne ya ci. Kafin ya gama shan ruwan da Inna ta aiko masa na zuba masa sabo, ya taɓa sau ɗaya babur ya kama. Mutumin nan ya fashe da dariya, ya ce ashe injiniya ne a ɓoye, irinmu ƙasa ke nema. Ya ce in dai riƙa lura da inda iska ta dosa kafin in hura wuta. Mako ya wuce, wata ya wuce. Da na sake ganinsa, batir ɗin surukinsa ya kawo mani gyara. Takardar kuwa da ita na kunna gawayi.

To a nan na yi wautar da ba zan taɓa yafe wa kaina ba. Na ce tunda mutane suna jin haushina, bari in kyautata masu. Robar batir ɗin nan baƙa, mai kauri, ta taru mani tuli. Sai na riƙa yanke bakinta in goge, in wanke da omo tas har tana ƙyalli, in aika gida-gida kyauta. Kai, ku ga murna! Ba ta fashewa, rana ba ta cin ta, ba ta yoyo. Wannan ta zuba wa kaji ruwa, wannan ta ba akuya dusa a ciki. Ƙorafi ya ragu. Mai ɗakin telan nan na zaɓar mata mafi girma, ta babbar mota, saboda su hayaƙin ya fi damu. Ta aiko da godiya, ta ce ta samu wurin jiƙa gero da ajiye kamu. Na ji daɗi har raina. Na ce wa Inna ai kin ga dabara.

Suna da ɗiya ƙarama, ba a daɗe da yaye ta ba. Yarinyar nan ta saba da ni ƙwarai. Kullum da safe za ta tako dagwai-dagwai zuwa bakin kango da kofin kokonta, ta leƙo ta ce Kawu, don ita ce kalmar da ta fi iyawa. In ba ta ƙwan fitila ta riƙe, in taɓa waya ya kawo, ta ƙyalƙyale da dariya ta zube ƙasa. Kun san yaron da aka yaye, koko ne abincinsa safe da rana. Kokon nan daga robata yake fitowa. Kamu mai tsami, ya kwana ya wuni a ciki, yana tsotso abin da omo bai fitar ba.

Kaji suka fara mutuwa, aka ce cutar kaji ce ta zagayo. Akuyar wata tsohuwa ta makance tana kewaya turke, aka ce ta ci leda. Sai yarinyar ta daina cin abinci, ga amai, ga kuka tana riƙe ciki, aka ce haƙori ne, aka ce shawara. Rannan bayan la'asar ina cikin narka dalma na ji ihun uwar ta bayan katanga. Na sheƙa. Na tarar da yarinya a tabarma ta sandare, ido ya juye, jiki yana karkarwa. Mahaifina ya zo ya yi mata tofi, ya rubuta aka wanke aka ɗura mata. Ni na ɗauke su a babur zuwa asibiti, hannuna duk baƙin dalma, da shi na tallafe ta aka sauke. Kwana biyu aka ce a wuce Katsina.

Bayan kwana tara telan ya dawo ɗaukar kaya. Ya same ni a kango. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi Malam. Sannan ya zauna a kan wani mataccen batir, kansa a ƙasa, ya ce an auna jininta, likita ta ce gubar dalma ce, ta tambayi sana'ar da ake yi kusa da gida da abin da ake zuba mata abinci a ciki. Ya ce shi bai zo faɗa ba, abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa. Roƙonsa ɗaya, in bi gidajen da na kai robar nan in karɓo tun kafin a kai wani yaron asibiti. Wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Na bi gida-gida ina sallama ina kuka. Kuma kun san mi? Wasu suka hana. Wata ta ce daga ƙofa ba a kyauta a dawo a karɓe, ko na samu mai saye ne? Sai da mahaifina ya faɗa a masallaci bayan azahar, sannan aka fara turo su waje.

Yarinyar ta rayu. Yanzu tana shekara huɗu, tana tafiya tana jan ƙafa ɗaya, ba ta magana. Na taɓa kai mata ƙwan fitila na kunna a gabanta, ta kalle shi kamar ta kalli bango. Uban har gobe in mun haɗu a sahu yana miƙo mani hannu.

Na rufe kangon. Na je da ƙafata wurin masu duba-gari na ce ni ne mai laifi, a zo a ga wurin, a faɗa mani yadda zan yi da ƙasar da ta sha guba. Aka ce in rubuto. Na rubuta. Aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na koma, aka ce babu man zuwa. Ƙarshe ni na kankare ƙasar da shebur na ɗura a buhuna, na haɗa da robobin. Suna nan jibge a kango na rufe da tamfol. In na kai bola yara za su tona, in na kai rafi dabbobi za su sha, in na kai gona wani zai ci.

Abin da na koya, bidiyo yana nuna maka hannu ne kawai, ba ya nuna maka wanda ke bayan katanga. 'Yan'uwana masu koyon sana'a a waya, ku tambayi illar abu kafin ku tambayi ribarsa. Maƙwabci kuma, in abu ya cuce ka ka faɗa, ko ɗan wane ne. Mai unguwa ya ji kunyar mahaifina, tela ya ji kunyarsa, duba-gari ya ji kunyar gyaran da na yi masa, yarinyar da ba ta san kunya ba ita ta ɗauki kayan. Da an kore ni a makon nan guda, da na yi fushi na wata ɗaya, ita kuma da yanzu tana makaranta.

Don Allah duk wanda ya ga robar batir a gidansa ya fitar da ita yau. Wanda kuma irin wannan ta faru a unguwarsu, ya rubuto mu ji yadda suka yi. Musamman in akwai wanda ya san inda ake kai irin ƙasar nan, ya taimaka ya faɗa mani. Damina ta kusa, kuma tamfol ɗin ya fara yagewa.