Makin da Na Ba Tabar Abokina

Shekarun baya, ba da daɗewa ba da gama babban taron ƙasa da ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya a Benin, ina aiki a wata ƙaramar jarida ta Faransanci a Kwatano. Lokacin kowa ya samu baki. Duk wanda ya mallaki keken rubutu da tebur sai ya buɗe jarida, wanda ya tara mutum goma a zaure sai ya kafa jam'iyya. Tamu shafi huɗu ce, tana fitowa ranar Talata in Allah ya yarda, in kuma mai ɗab'i bai yi fushi ba.

Kafin nan na yi shekara biyar ina hidimar baƙi a wani otel na bakin teku. A can na san sigar, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da hannu, ganye zalla babu takarda. Ni nake yanke wa Turawa da manyan hafsoshi kanta in kunna musu, wani lokaci wanda ya ji daɗin hidima ya miƙo min ɗaya. Da haka harshena ya koyi bambanta mai kyau da ta banza. Sanin nawa bai taka kara ya karya ba, amma a unguwarmu ta Zango babu wanda ya kai ni, ni kuwa ban bari an manta ba. Ko hirar farashin siminti ake yi, sai na san yadda na karkato da ita kan taba.

Ina da wani aboki tun muna lakwal, wato makarantar boko, layinmu ɗaya a Zango. Tsohuwar gwamnati ce ta tura shi Kyuba karatun noma, ya yi shekara bakwai. Ya dawo da diplom ɗinsa daidai lokacin da gwamnatin ta kife, sabuwar kuma ta ce ba ta ɗaukar ma'aikata. Ya bi biro-biro, ofis bayan ofis, yana neman aiki har dugadugan takalminsa suka cinye. Mahaifiyarsa mai sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa ita ke ci da shi. Kawunsa kuwa, mai kamiyo uku, manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Yamai, kullum maganarsa ɗaya: ya ajiye takarda ya hau mota.

Abin da ya hana shi hawa motar shi ne taba. A Kyuba wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da makarantarsu ta koya masa naɗi, hutu bayan hutu, har hannunsa ya faɗa. Da zai dawo ya ƙullo irin tabar cikin safa, ya kai wa wani manomi can wajen garin Save. Damina biyu suna shukawa. Ya shanya ganyen a inuwa, ya jibge shi ya rufe ya yi ta gumi wata da watanni, sannan ya fara naɗi a wani ɗaki da ke bayan gidansu, a kan wani katako da kafinta ya sassaƙa masa. Burinsa ya kai wa otel-otel, tunda ga sababbin 'yan siyasa sun cika gari, kowa yana neman abin da zai riƙe a hannu a san ya zama wani.

Wata Asabar bayan azahar ya zo ya same ni a ƙofar gida.

"Taso, ɗan jarida. Inna ta tafi kasuwa, sai magariba. Yau harshenka nake so ka ara min."

Muka shiga ta bayan gida, don a unguwarmu ɗan mutunci ba ya busa hayaƙi a gaban manya. Ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro, ya kawo ruwa a moɗa da ashana da 'yar wuƙa. Sannan ya buɗe wani ƙyalle. Kara biyu ne a ciki, tsayinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, babu tambari a jikin ko wanne. Ɗaya an ɗaura masa baƙin zare, ɗaya fari.

"Ɗaya ta Kyuba ce," in ji shi, "ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda na taho da su. Ɗaya kuma tawa. Ba zan gaya maka wacce ce wacce ba. Ka sha, ka ba kowacce maki bisa ashirin, kamar yadda mushe, malaminmu, ke yi mana a lakwal."

Na ce, "Kai da ka yi shekara bakwai a gidan abin, ni za ka tambaya?"

"Uwa ba ta ganin munin ɗanta. Na sha tawa har na daina jin komai. Don Allah gaskiya kawai nake so."

Na gyara zama, na ciro kaye, ɗan littafina na rubutu, da alƙalamin bik daga aljihu kamar wani alƙali. Na fara da mai farin zare. Launinta kamar na soyayyen ƙuli, fatarta sumul, da ɗan maiƙo, jijiyoyin ganyen sun kwanta. Na matsa ta tsakanin yatsu, ta ɗan lotsa ta dawo. Kafin wuta, ƙamshinta irin na ƙasa ne in an yi ruwan fari. Na yanke kan, na kunna, na ja hayaƙin ya tsaya a baki, don ita ba a haɗiye hayaƙinta. Da farko wani ɗan yaji ya taɓa min harshe, kamar masoro. Da ta ci kamar gaɓar yatsa sai yajin ya lafa, wani garɗi ya taso irin na gyaɗa da aka soya da yashi, bayansa ɗan zaƙi-zaƙi kamar dabino busasshe. Wutar tana tafiya daidai ta kowane gefe. Tokar fara fat, ta yi tsawo ta ƙi faɗuwa. A shekaru biyar na otel, sau biyu ko uku na taɓa shan irinta. Na kare kayena da tafin hannu na rubuta sha bakwai.

Na kurkure baki, na tauna ɗan burodi, na ɗauki mai baƙin zare. Tun a hannu na ji ta bushe. Da na yanke kan, fatar ta tsage. Jan hayaƙin sai da ƙarfi, kamar mai tsotson kunu ta kara. Gefe ɗaya ya ci wuta ya bar ɗaya, ta koma kamar kwalekwalen masuntan unguwar Placodji. Ɗanɗanon kuwa, tsohuwar takarda ce da ɗaci. Sau uku tana mutuwa ina sake kunnawa. Na rubuta bakwai.

A nan ne wayona ya yi min yawa. Na ce a raina ai magana ta fito. Mai farin zare ta Kyuba ce, don ƙasar Save ba za ta haifi irin wannan ba. Mai baƙin zare kuwa aikin ɗan koyo ne. Na saci kallon abokina. Yana zaune ya rungume gwiwa, ya rame, wuyan rigarsa ya tsufa. Shekara biyu na wahalarsa ke nan, in buɗe baki in ce bakwai? Sai na yanke shawarar in yi masa alheri. Ba ma kawai in ɗaga tasa ba, in sa ta ɗan ɗara ta Kyuba, ya samu abin kwana da shi da farin ciki.

Na rufe kaye na ce, "Mai baƙin zare sha huɗu. Wutarta ba ta tafiya daidai, amma tana da hali, tana da asali. Mai farin zare sha biyu."

"Sha biyu," ya maimaita. "Me ya rage mata?"

Tunda na fara, dole in ƙarasa. Na ƙirƙiro mata laifuffuka nan take. Na ce kyan ɗan maciji ne da ita, ido take cikawa ba baki ba. Na ce zaƙinta na yaudara ne, ƙarshenta babu nauyi, wanda ya san taba zai sha rabi ya ajiye. Ya karɓi bik ɗina ya rubuta duk abin da na faɗa a bayan kwalin ashana, kalma bayan kalma.

Na ce, "To wacce ce taka?"

Ya yi ɗan murmushi. "Bari dai. Na gode, mutumina." Daidai nan aka kira la'asar, muka wanke baki da hannu muka tafi masallaci. Ni dai na ɗauki shirun nasa a matsayin kunya irin ta wanda aka yaba. Na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Kwana biyu bayan haka jarida ta tura ni arewa bin wata sabuwar jam'iyya da ke zagayen garuruwa. Na yi sati uku. Da na dawo na leƙa gidansu, na tarar da mahaifiyarsa tana shanya shinkafa a tsakar gida. Na durƙusa muka gaisa. Ƙofar ɗakin baya a buɗe take, babu ganye, babu katako.

"Inna, ina mutumin? Ya canja wurin aiki ne?"

"Ya bar aikin, ɗan nan. Ya karɓi motar kawunsa, gobe za su ɗaga zuwa Yamai. Ganyen ya raba wa tsofaffi su daka tabar gari." Ta ci gaba da baza shinkafarta. "Ya ce kai da ka san abin ka duba masa. Wai waccan ta ƙasar waje da ta shekara biyu a akwatina, har ta bushe, ita ma ta fi tasa. Ya ce in gawa ta kayar da kai a kokawa, sai ka bar fage."

Na ce, "Inna, tasa wacce ce?"

"Oho muku. Ni dai farin zare ya roƙa a wurina ya ce zai ɗaura wa tasa."

Ban tuna ko na yi mata sallama ba. Na tari zemijan, na ce wa mai babur ɗin ya kai ni inda kamiyoyi ke layi kusa da tashar jiragen ruwa. Na same shi a kan mota suna ɗaure tampol, ya sa wata riga duk baƙin mai. Ya sauko yana share hannu. Na gaya masa komai a tsaye, ban ɓoye ko ɗaya ba. Na buɗe kayen na nuna masa shafin: farin zare sha bakwai, baƙin zare bakwai, da duk bayanin gyaɗa da dabino da farar toka.

Ya daɗe yana kallon shafin. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

"Ranar nan ka yi min ƙarya don tausayi," in ji shi. "Yau ma tausayina kake ji. To wanne zan ɗauka?"

"Wallahi wannan a gabanka na rubuta shi."

"Na yarda." Ya miƙo min kayen. "Amma ka ga, abin da ya fi tsaya min ba makin ba ne. Ka sha mai kyau, nan take ka ce ba tawa ba ce. Kai ke nan, abokina, wanda muka tashi tare. Ina ga mai otel?"

Na ce ai ana iya sake farawa, irin yana nan a Save, ni zan rubuta labarinsa a shafin farko. Ya girgiza kai ya ce ya riga ya ba kawu magana a gaban Inna, kuma ya gaji da cin tuwon da bai kawo cefanensa ba. Wani ya ƙwala masa kira daga saman mota. Ya dafa kafaɗata ya ce in riƙa leƙa Inna, ya hau.

Haka aka yi. Ya shekara shida a hanyar Yamai, ya sayi motarsa ta farko, ya ƙara ta biyu. Yau yana da gareji nasa a unguwar Houéyiho, ya je Makka, ya aurar da 'ya'ya. Bai sake naɗa ko kara ɗaya ba. Ni ma likita ya raba ni da taba tuntuni, jaridarmu kuwa ba ta kai shekara huɗu ba ta mutu, kamar yawancin 'yan uwanta.

Na sha juya abin a raina. Wata ƙila da na faɗi gaskiya ma sana'ar ba za ta je ko'ina ba. Masu shan sigar a Kwatano ba su da yawa, kuma akasarinsu tambarin suke saya ba tabar ba. Wannan duk mai yiwuwa ne, kuma da shi nake lallashin kaina. Sai dai mutum ya kawo min aikin hannunsa ya ce gaskiya kawai yake so, ni kuma na ga kamar na fi shi sanin abin da zai iya ɗauka. A lokacin na kira shi tausayi. Da na girma na gane akwai raini a ciki, don tun kafin in kunna ashana na riga na yanke cewa ɗan layinmu ba zai iya abin da mutanen nesa suka iya ba. Tun daga ranar, in yaro ya kawo min rubutunsa in duba, nakan faɗi abin da na gani, in ya yi kyau in ce ya yi kyau ba tare da na tambayi wa ya taya shi ba.

Har yanzu muna tare da shi. Duk Juma'a bayan an sauko mukan zauna a ƙofar gidansu na Zango, wanda Inna ta rasu ta bari. In baƙo ya zo, yakan nuna ni ya ce, "Ga wanda ya yi sanadin arzikina." Mutane su yi ta sa min albarka, shi kuma ya zuba min shayi, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Shekara da shekaru ina so in tambaye shi abin da yake nufi, amma ina tsoron kada shi ya gaya min gaskiya.