Ƙugiyar Ƙadangare

Tun yana saurayi ake kiransa Ƙadangare, don babu bangon da ya taɓa gagararsa. Aikinsa kafa ƙarafa da katakan da magina ke takawa a jikin dogon bene, kuma kullum shi ne farkon hawa, tun babu abin dafawa.

Dokar wurin aiki ta ce duk mai hawa ya ɗaura bel ɗin tsaro, ya maƙala ƙugiyar igiyarsa a ƙarfe mai ƙwari. Bel kam kowa na ɗaurawa. Amma tsofaffin hannu a ƙirjinsu suke maƙale ƙugiyar, daga ƙasa sai ka rantse a ɗaure suke. A wurinsu baƙon aiki ne ke maƙalawa a ƙarfe, sai kuma wanda ƙafarsa ta ƙare. Wautar maza ce tsagwaronta, kuma Ƙadangare ne limaminta.

Da furfura ta fito, sai jiri ya biyo bayanta. Yana tsaye kan katako zai ga titi na juyawa. Matarsa kaɗai ta gane, don ta ga yadda yake dafa bango in ya miƙe daga zaune. Ta yi magana, ya ce zafin rana ne. Tsoro yake ji ƙwarai, na faɗuwa da na a gane, don shugaban aiki ba ya barin mai jiri a sama.

Wata safiya matar ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban yara, in ka faɗo daga can, a buhu za a kawo min kai. Ka maƙala, don Allah."

Ranar yana can ƙololuwa jirin ya zo. Ya ciro ƙugiyar, ya maƙala a ƙarfe. Ƙarar ba ta taka kara ta karya ba, amma hira ta tsaya cak. Shi da ya tsokani kowa, babu wanda ya tsokane shi, kuma wannan ya fi dariya ciwo. Kafin a tashi aiki, shugaban ya ja shi gefe cikin ladabi.

Yanzu a ƙasa yake ɗaure katako ana ja, wuyansa kullum a ɗage. Can sama ƙaninsa ne, wanda shi ya koya wa hawa, yake yawo da ƙugiya a ƙirji. Ƙadangare ya tare shi lokacin cin abinci, ya roƙe shi ya riƙa maƙala ƙugiyar a ƙarfe. Ƙanin ya kawar da kai.

"Yaya, ni tawa ƙafar da sauranta."