Ɗigon Jan Farce a Gilashin Waya

Har gobe wannan Laraba ba ta fita daga raina ba. Cikin daminar bara ne, a rumfar ƙaramin asibitinmu da ke ƙasar Gwiwa. Waɗanda suka zauna su ne Malam Sabo, incaj ɗinmu. Hajiya Rabi, mai kula da ungozomomi daga ƙaramar hukuma. Malam Nura, mai kula da wayoyin aiki. Talatu, ungozomar rugagen bayan rafi. Sai ni Inna Ladi, shugabar ungozomomin yankin. Maganar sallamar Talatu ce ta tara mu.

Bari in yi bayani don sababbin shiga. An raba mana wayoyi masu wata manhaja. In haihuwa ta zo da gardama, akwai wurin da ungozoma za ta danna, saƙo ya je asibiti, a turo mota. In an sauka lafiya, wani wurin take dannawa. Yawancinmu ba mu yi boko ba, sai muka yi dabararmu: kowacce ta ɗiga jan farce a gilashin, daidai wurin kiran mota. In hankali ya tashi ba a tsayawa kallon hoto, ɗigon kawai ake nema.

Ranar Litinin ɗin makon, matar wani makiyayi ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Talatu ta danna ɗigon, ta sake dannawa, mota ba ta zo ba. A amalanke aka kai matar bakin titi, aka wuce da ita Kazaure. Muna wannan zama tana can ana ƙara mata jini. Saƙon da ya iso asibiti kuwa cewa ya yi an sauka lafiya.

Hajiya Rabi ta ce rahoton ƙarya ne, kuma rai ya kusa salwanta, ba ta da bakin kare kowa a wurin na sama. Talatu na ta rantsuwa inda aka saba nan ta danna. Ni zama ya gagare ni, in tashi, in zauna, in leƙa waje. Na ce ta nuna mana da yatsanta. Tana ɗora yatsa na ga fuskar Malam Nura ta canza.

Na ce, "Ɗan nan, faɗi abin da ka gani."

Ya ce manhajar ta sabunta kanta a makon da ya wuce, wuraren dannawa sun yi musanya. Shi ma bai lura ba, don rubutun yake karantawa, bai taɓa kula da wurin da yake ba.

Na ce to ya mayar da su inda suke, yanzu, muna kallo. Ya ce ba shi da iko. Ta kamfani ce, cikinta a kulle yake, iyakarsa ya rubuta musu ya jira. Ya ce ya daɗe yana roƙo a sa mata murya da Hausa da Fillanci, shiru. Akwai irin waɗanda masu yin su suke barin cikinsu a buɗe, duk wanda ya iya ya duba, ya gyara, ya hana su canzawa sai da izininsa. Da irinsu aka ba mu, in ji shi, kafin azahar ya gama.

Na ce, "Injin niƙana in ya lalace, bakanike a Roni yake kwance shi. Wanda ya sayar mini bai taɓa biyo ni gida ya juya mini shi ba. Me ya sa abin da ake ceton rai da shi ya zama ba namu ba?"

Malam Sabo ya ce, "Inna, a yi haƙuri, daga sama aka zaɓo." Na ce haƙurin ya kai wa wadda ke kwance a Kazaure.

Hajiya Rabi ta ce takardar da ta rubuta a kan Talatu ta riga ta tafi wurin na sama, za ta bi ta da wata. Ta ce kafin amsa ta zo, sai Talatu ta ajiye waya ta zauna a gida.

Abin da na koya, ku riƙe shi: kayan aikin da wani zai iya canzawa daga nesa ba tare da sallama ba, aro ne, ko da a jakarki yake kwana. In ya yi ɓarna kuma, mai riƙe da shi ake kamawa. Har yau duk zaman da aka yi sai na tambayi Malam Nura ina maganar buɗaɗɗiyar manhajar nan ta kwana.

Washegari da sassafe na sa rezar kankare ɗigo a jaka, na kira ɗan acaɓa, don sauran ungozomomi duk ɗigonsu na kan wurin da ba shi ba. Na fara biyawa ta gidan Talatu na ce ta ɗauko mayafinta. Ta ce ai an dakatar da ita. Na ce waya aka karɓe, ban ji an ce kada ta raka tsohuwa ba. Ta hau bayana muka nufi rafi.