Murfin da Firmin Ya Sa wa Hannu

Shekara talatin Solange Vuaillat tana jan wayoyi a ramin binciken kimiyya da muke aiki, ƙarƙashin gonakin garin Saint-Genis, ban taɓa ganin ta zauna ta gama kofi ba. A tsaye take sha, ƙafa tana karkaɗawa, baki bai huta ba. Mijinta Firmin, mai walda, shi kuwa sai ya wuni bai ce uffan ba.

Al'adarmu ce, kafin a rufe wani sashe na babbar na'urar da ke kama sawun ƙwayoyin zarra in sun yi karo, ma'aikata su sa hannu a cikin murfin sashen. Firmin ya sa nasa a gefen nata. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa.

Da aka tsayar da na'urar za a sabunta ta, sashensu aka fara cirewa. Solange ta hana kowa sakat. Murfin nan take so, ta kai shi gida. Amma ko ƙusa ba ta fita daga ramin sai an auna ta, don ƙarfen da ya daɗe kusa da wurin karon yana ɗaukar tururin nukiliya.

Sau uku ta hau lif ta sauka tana neman Thibaud mai awo.

"Kai, sai na mutu za ka zo?"

"Madam, ki bar ni in haɗiye burodina mana."

"Haɗiye a hanya!"

Ya zo yana tauna. Ni dai na san inda murfin ya yi shekara ashirin: dab da wurin karon. Thibaud ya kara mitar awon tururin a kan rubutun Firmin, sai ta shiga ƙara, ƙat-ƙat-ƙat, ba tsayawa. Ya kai hannu zai kashe.

"Bar ta," in ji Solange.

A ranar na ga ƙafarta ta tsaya cak. Ta saurara har kusan minti guda.

"Ji shi! Duk zaman aurenmu bai yi mini surutu haka ba."

Muka yi dariya, ni tawa da ƙwalla ta fito.

"Ɗakin ajiya zai tafi, Madam," in ji Thibaud a hankali. "Sai ya huce."

"Shekara nawa?"

"Sha biyar, in an yi sa'a."

Shekarunta sittin da uku. Ta fizge alƙalamin da ke aljihunsa, ta rubuta sunanta da lambar wayarta a takardar da za a liƙa wa murfin.

"Ku kira ni. Kafin ya buɗe baki ya ce yana so na ma, sai da na jira shi shekara shida."