Uwar Kifi da Kamfanin Rini

A ɗakin gwajin ruwa kowa Uwar Kifi yake ce mata. Ita ke kiwon ƙananan kifaye a manyan kwalabe, ta zuba musu ruwan da masana'antu ke saki, ta zuba ido. In sun ci gaba da iyo, ruwan ya wuce. In sun juya ciki sama, akwai dafi.

Ba son kifi ya kawo ta aikin ba. Mahaifinta masunci ne. Tana budurwa wani kamfanin rini ya fara sako shuɗin ruwa cikin kogi, kifi ya ƙare, ƙafafun tsohon suka yi gyambo. Ya kai kuka, manajan ya sa aka kore shi kamar ɓarawo. Daga nan ya kwanta, bai tashi ba. Da wannan ƙullin a zuci ta yi karatunta.

Shekara da shekaru kamfanin na aiko da ruwansa a jarka, garau kamar na sha, kifayenta su yi ta wasa a ciki. Ƙanenta ya ce, "Yaya, ki ɗiga wani dafi a ruwan nasu mana, ki huta."

"Allah ya kiyaye," in ji ta. "Da nasa zan kama shi."

Ta dami shugabanta da naci har ya bar ta ta je kamfanin ɗibar ruwan da kanta, ba sanarwa. A bayan katanga, cikin ciyawa, ta tarar da wani bututu yana aman kumfa mai wari. Ko da ta sirka ruwan da mai kyau, kifayen ba su kai lokacin tashi aiki ba.

Ranar da hukuma ta zauna kan batun, manajan ya zo, ya tsufa, yana dogara sanda. Bai gane ta ba.

"'Yata, a sassauta," ya ce. "Mutane da yawa ke ci a wurin nan."

Ta dire kwalbar matattun kifayen a gabansa, ta cire murfin. "Ranka ya daɗe, ruwanka ne. In lafiya lau yake, ga kofi."

Ya kau da kai yana toshe hanci.

Aka rufe kamfanin har sai ya gina matatar ruwa, masu shi suka sallami manajan. Ranar da ya kwashe kayansa, Uwar Kifi ta ɗauki hutu, ta sa sabon zane, ta tsaya a tsallaken titi tana kallonsa yana jiran mota cikin rana. Ya daɗe bai samu ba. Ita ma ba ta motsa ba.