Atamfar da Aka Buga a Tsakar Gida

A unguwar Makera ta Kaduna an san Baba Ezekiel da gyaran lema da zif ɗin jaka a gindin mangwaro. Yaran yanzu ba su san hannun nan mai karkarwa shi ya riƙa zana furannin atamfa a wata masaƙar Kakuri ba, kafin a garƙame ta ciyawa ta cinye injuna. Mutumin Zonkwa ne, ya zo Kaduna yana saurayi, a nan ya yi furfura. Ba ya son zancen masaƙa. Kana taɓo shi zai ce, "Ga lemarka, ta gyaru."

Ni na taɓo masa, don bakina ba ya iya shiru. Lokacin aka ce ana shirin yarjejeniyar cire haraji a kan kaya tsakanin Najeriya da Nijar, za a yi taron jin ra'ayin 'yan kasuwa a Kaduna, har mutanen Maraɗi za su zo. Ƙungiyarmu ta masu sayar da zannuwa ta ce a yi anko a raba wa baƙi. Sai shugabanmu ya ce a aika ƙasar waje a bugo. Haba! A garin masaƙu? Raina ya ɓaci, na je na zazzage wa Baba.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, "Juliana, 'yata, ki ce su dakata mini. In ta lalace, na yarda aikinmu ya mutu, su je su bugo."

Da ƙyar shugaba ya yarda.

Baba ya bi gida-gida ya tattaro tsofaffin abokan aikinsa, wannan maigadi ne yanzu, wancan yana jan keke napep, wani ma ido ya tafi sai lalube. Suka jera tsofaffin ƙyamare a tsakar gidansa suka yi dogon tebur, suka shimfiɗa farin yadi. Na tsaya ina addu'a a raina, don ko kofin shayi Baba ba ya kaiwa baki sai ya zuba. Wallahi yana ɗora buroshi a takarda karkarwar ta ɗauke cak. Ya zana cittarmu ta kudancin Kaduna da albasar Nijar, saiwarsu a sarƙe, kyau kamar ka tsinka ka sa a miya. Mai lalube kuwa shi ke haɗa rini, yana shinshinawa yana cewa a ƙara. Sauran suka yi ta buga zanen a kan yadin, har layinmu kaf ya cika da shanya.

Ranar taro na miƙa wa dattijon baƙi, Alhaji Audu, turminsa. Ya yi shekaru yana safarar atamfar Kaduna zuwa Maraɗi. Bai ma kalli zanen ba. Ya murza atamfar da yatsu, ya kai hanci, ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, wa ya buga wannan?"

Na nuna masa Baba, yana raɓe a bakin ƙofa cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci. Alhaji ya tashi, ya ratsa manyan baƙi, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, ta Kaduna ce! Na ɗauka duk kun mutu."

Baba ya ce, "Saura mu bakwai, Alhaji."