Dattijon da Ke Leƙen Duro

Mai ɗinki ta tsayar da kekenta tana kallon wani dattijo a ƙofar shagonta. Rigarsa ta sha guga, tabarau ɗaure da zare, amma ga shi durƙushe gaban duron ruwan sama, hancinsa na neman taɓa ruwan. Ko tsohon malamin makaranta ne?

"'Yata, zo ki ga ikon Allah!" in ji shi cike da murna. "'Ya'yan sauro ne, sun rataye kai ƙasa. Da wutsiya suke shaƙar iska! Ɗigon mai ɗaya a saman ruwan nan, numfashinsu ya ƙare."

Ɗanta yana cikin shagon kwance da zazzaɓin cizon sauro. Ta zabura ta ɗauko man keke.

Dattijon ya tare hannunta. "Don Allah, bari in ƙara kallonsu kaɗan."